Amurum ko Yankari: ina mutumin Zariya zai fara zuwa kallon tsuntsayen kurmi?

Ɗan yayata da ke karatu a Samaru ne ya tayar da maganar. Ya tara ɗan kuɗi, ya ari madubin hangen nesa a wurin abokinsa, ga hutu ya matso. Ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, muka gaisa, sai ya ce, "Kawu, kwana uku gare ni. Ina so in je inda ake kare kurmi a bakin ruwa, in ga tsuntsaye da idona. Yankari zan nufa, ko wancan wurin na Jos?" Na ce masa ya jawo tabarma, don ba amsar da za a ba mutum a tsaye ba ce. Abin da na gaya masa a ranar shi nake faɗaɗawa a nan, saboda na san ba shi kaɗai ke da wannan tambayar ba.

Sai an fara fahimtar abin da ake nema kafin a zaɓi inda za a same shi. Dajin da muka sani a ƙasar Zazzau mai bishiyoyi jefi-jefi ne, ɗorawa da kaɗanya da doka da tsamiya, ciyawa a tsakaninsu. Da rani komai ya bushe, gobara ta bi ta lashe. Amma inda rafi ya ratsa, sai ka hangi wani siririn layi kore shar ko da a watan Maris ne. Malmo da ɓaure da kanya da maɗaci sun haɗa kai a sama, kajinjiri da sarƙaƙiya a ƙasa, inuwa ta yi duhu, iska ta yi sanyi. Wannan shi ne kurmi. Akwai tsuntsayen da ba sa iya rayuwa sai a cikinsa, akwai kuma na fili da ke gudowa su fake idan zafi ya tsananta, su sha ruwa, su ci 'ya'yan ɓaure. Shi ya sa ɗan kurmi ƙarami kan tara nau'o'in da faffaɗan daji bai tara ba. Sai dai kallon tsuntsu a kurmi yana da wuya. Ganye ya rufe, haske kaɗan ne, yawancinsu kukansu za ka ji ba ka ga mai kukan ba. Wannan wahalar ita ce ma'aunin da na ɗora wuraren biyu a kai.

Akwai wurare biyu da taswira za ta nuna maka sun fi kusa, kuma tun farko na cire masa su daga lissafi. Gandun Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, a jiharmu yake. Dajin Falgore kuma yana kan hanyar Kano zuwa Jos, kogin Kano na ratsa shi. Dukansu suna da tsuntsaye, kuma raina na sosuwa duk lokacin da na tuna su. Amma kowa ya san halin da dazukan nan suka shiga na rashin tsaro a shekarun nan, kuma babu tsuntsun da ya kai a sayar da rai dominsa. Sai ranar da mutanen yankin da kansu suka ce an samu lafiya.

Saura Amurum da Yankari, kuma da wuya a sami wurare biyu da suka bambanta kamar su.

Amurum ɗan ƙaramin gandu ne, hekta 300 ko kusa da haka, a gefen ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga cikin garin Jos. Mutanen ƙauyen ne suka daɗe suna kare shi. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI, da aka kafa a 2001 tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos, inda ake horar da ɗalibai masu digiri na biyu daga ƙasashen Afirka ta Yamma. A cikin wannan ɗan fili akwai ƙasa iri uku: duwatsu masu tsayi, fili mai ciyawa da gajerun bishiyoyi, sai kurmin da ya bi kwazazzabai da ƙananan rafuka. Nau'o'in tsuntsayen da aka rubuta a wurin sun kai kusan 300. Idan aka tuna cewa Najeriya gaba ɗayanta tana da nau'i 900 da ɗoriya, za a ga abin da wannan ɗan wuri ya ƙunsa.

Yankari kuwa ƙasa ce guda. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, wato ya ninka Amurum fiye da sau 700. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Kogin Gaji ne ransa. Shi ke ratsa tsakiyar gandun, ba ya ƙafewa da rani, kuma a gefensa ne kurmi da fadama suke. An rubuta nau'in tsuntsaye fiye da 350 a can. Ga ruwan ɗumi na Wikki da ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutse, ɗuminsa yana nan a wajen digiri 31 rani da damina.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma kawai zai ce ai magana ta ƙare, Yankari ya fi. Ni ban ce haka ba, kuma dalilina na farko ƙafa ce.

A Amurum da ƙafa ake yawo. Kana idar da sallar asuba ka kama hanya, gari na wayewa kana bakin kurmi. Idan ka ji kuka a cikin duhuwa sai ka tsaya cik, ka jingina da bishiya, ka jira minti goma ko ashirin har mai kukan ya gaji da ɓuya ya fito. Babu mai ce maka mu tafi. A Yankari ba haka abin yake ba, kuma da hujja: daji ne mai giwa da ɓauna da dorina, har da sauran zakuna kaɗan. A mota ake shiga, tare da ɗan rakiya. Idan motar haɗaka ce, yawancin abokan tafiyarka giwa suka zo gani. Kai ka hangi wani ɗan tsuntsu a reshen malmo kana ƙoƙarin daidaita madubi, su kuwa hankalinsu na gaba, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Mafita ita ce ku haɗa kanku ku huɗu ko biyar masu buri ɗaya, ku ɗauki mota taku, ku gaya wa ɗan rakiya tun kafin a tashi cewa tsuntsaye kuka zo nema, a bi gefen Gaji a hankali, a riƙa kashe inji. Idan aka yi haka Yankari ya zama wani abu dabam. Amma wannan kuɗi ne, kuma ɗalibi mai tafiya shi kaɗai ba shi da su.

Dalili na biyu shi ne mutane. Sabon mai kallon tsuntsu ba madubi ya fi buƙata ba, wanda zai tsaya a gefensa ya ce "ji wancan, ga sunansa, ga inda yake sauka" ya fi buƙata. A Amurum akwai masu bincike da ɗalibai da 'yan ƙauyen da suka yi shekaru suna wannan aiki, wasunsu da kunne kaɗai suke rarrabe tsuntsaye. Idan ka yi sa'a ka dace da ranar da suke kafa raga don sa wa tsuntsaye zobe, za ka ga ana ciro tsuntsu a hankali, a auna fiffikensa da nauyinsa, a maƙala masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Wanda ya taɓa ganin ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba, aka ce masa wannan daga Turai ya taso ya ƙetare Sahara, ba zai ƙara kallon tsuntsu da ido irin na da ba. Sai dai a riƙe wannan da kyau: Amurum wurin aiki ne, ba wurin shaƙatawa ba. Ba a faɗa masa kwatsam. A nemi izini tun daga gida, a faɗi ranar zuwa da yawan masu zuwa, a kuma shirya kwana a cikin Jos.

Akwai kuma abin da Amurum ke da shi wanda Yankari ba zai ba ka ba ko ka yi wata. Kowa ya san ɗan jan tsuntsun nan da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaki. To yana da ɗan'uwa mai zama a cikin duwatsu, namijin ja ne har gadon baya, wanda masana ba su tantance shi a matsayin nau'i mai zaman kansa ba sai a 1998, ta hannun wani masani Ba'amurke, Robert Payne. A littattafan Turanci sunansa rock firefinch. Labarinsa bai cika ba sai an haɗa da wani baƙin tsuntsu mai sheƙi, ɗan tsaunukan Jos, wanda ba ya gina sheƙa. Macen kan lallaɓa ta saka ƙwanta a sheƙar jan, su ƙyanƙyashe su rena mata. Ɗan da aka rena ya tashi da kukan masu renonsa a bakinsa, kuma idan ya girma da wannan kukan yake neman mata. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan kukan gidan da ya tashi yake yi, kuma ta wannan kukan ne aka bi sawu har aka gane jan tsuntsun. Masu kallon tsuntsaye daga ƙasashen waje kan zo Jos takanas saboda waɗannan biyun, mu kuwa tafiyar rabin yini ce tsakaninmu da su.

Kada a ɗauka na raina Yankari. Rafukan Amurum ƙanana ne, wasu ma kan tsaya da rani. Wanda yake son kogi na gaske, da manyan tsuntsayen ruwa, Gaji zai je. A can ne za ka ga gaggafar kamun kifi mai farin kai zaune a ƙololuwar bishiya, ka ji kukanta na ratsa fadama. A can za ka ga zalɓe iri-iri, da masu kamun kifi tun daga ƙaraminsu mai shuɗin baya har babbansu, da burtu yana takawa a ƙasa da iyalinsa, da cilakowa, da garken zabin daji suna tsallaka hanya, da carki a bayan ɓauna. Manyan tsuntsaye ne, a fili suke, ba sai ka ƙware ba kafin ka gan su. Idan da iyali za a je, da yara da tsofaffi, babu ma gardama: Yankari. Yaro zai ga gwanki da gwambaza, ya yi wanka a Wikki, ya dawo da labarin da zai shekara yana bayarwa. Kuma sansanin Wikki kansa, da gangaren da ke sauka zuwa ruwan ɗumi, wuri ne da ake iya tsayawa da ƙafa da sassafe kafin masu wanka su sauko. Bishiyoyin da suka lulluɓe ruwan suna cike da tsuntsaye a wannan lokacin. A dai kula da birai, don sun saba da mutane, kuma ba sa jin kunyar buɗe jaka. A gefen kogi kuma akwai ƙudan tsando. Tufafi masu duhu, musamman baƙi da shuɗi, suna jawo shi, don haka a sa masu launin ƙasa, masu dogon hannu.

Hanya ma tana da nata hukuncin. Daga Zariya zuwa Jos ta Soba da Pambeguwa da Saminaka, wanda ya tashi da safe zai yi azahar a can idan Allah ya kiyaye hanya. Washegari da asuba yana Amurum, jibi ma haka, sannan ya juyo. Safiya biyu cikakku ke nan a cikin kwana uku. Yankari kuwa sai ka kai Jos ɗin, ka wuce Bauchi, ka kama hanyar Gombe zuwa Dindima, ka karkata kudu zuwa ƙofar gandun a Mainamaji, sannan ka ƙara tafiya mai nisa a cikin dajin kafin Wikki. Daga Bauchi kaɗai ya haura kilomita 100, kuma ƙarshen hanyar ba ta motar haya ba ce, sai shata ko motar kanka. Yini guda zuwa, yini guda dawowa. A kwana uku, yini ɗaya tak ya rage maka. Ga kuɗin shiga, ga na ɗaki, ga na motar zagaye. Yankari yana son kwana biyar da aljihu mai ɗan nauyi.

Lokacin tafiya kuwa ya kusa fin wurin muhimmanci, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Yankari na rani ne. Daga Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta kwanta, ruwan daji ya ƙafe, dabba da tsuntsu duk sun taru a Gaji. Ƙarshen rani ya fi yawan gani, amma zafinsa ba wasa ba ne. Da damina ciyawa ta fi mutum tsayi, hanyoyi sun yi laka, dabbobi sun watsu. Amurum kuwa ana zuwa kowane lokaci, sai dai ni na fi son ƙarshen damina zuwa farkon kaka, daga Satumba zuwa Nuwamba. A lokacin ne mazan ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba suke cikin adon aure, har da baƙin nan mai aron kuka, wanda idan rani ya yi nisa yakan zubar da baƙin gashinsa ya koma launin ƙasa, ya saje da mata, ko gwani sai ya yi da gaske kafin ya gane shi. A lokacin ne kuma baƙin Turai suke fara sauka, su zauna har wajen Maris ko Afrilu. Wanda zai je Jos a Disamba ko Janairu ya tafi da rigar sanyi ta kirki. Garin yana bisa tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, sanyin asubarsa ya fi na Samaru, kuma hazo kan dusashe launin tsuntsu daga nesa.

Akwai wuri na uku da ya kamata in ambata, ko da yake ban ba shi shawarar farawa da shi ba. A kudancin jiharmu, a gindin tsaunukan Kagoro kusa da Kafanchan, akwai gandayen Kagoro da Nindam. Ruwan sama ya fi yawa a can, kurmin ya fi kauri, kuma ana samun tsuntsayen da asalinsu na manyan dazukan kudu ne, abin da ba ka zaci gani a Jihar Kaduna ba. Noma da saran itace sun ci wani ɓangare nasa. Babu masauki ko 'yan rakiya da aka tanada don baƙi, sai ka san wani, ka gaida masu gari, ka tambayi halin da ake ciki kafin ka taka. Kuma kurmi ne na kunne, wanda bai san kuka ba zai yini yana kallon ganye. Wannan na wanda ya kai shekara ta uku ko ta huɗu da fara kallon tsuntsaye ne.

Abin da na fi nanata masa shi ne kada ya tafi ko'ina da ɗanyen ido. Zariya kanta makaranta ce. Bakin dam ɗin Kubanni da ke cikin jami'a, fadamun Galma, gindin duwatsu irin Kufena, har manyan rimayen cikin birni, duk suna da abin koyarwa. A nan garin ne wani malamin jami'a Bature, Hilary Fry, ya yi shekaru a cikin 1960 da 'yan kai yana bin wani ɗan tsuntsu kore mai jan maƙogwaro, mai cin ƙudan zuma, wanda ke haƙa ramuka a bangon kwazazzabo su zauna jama'a guda. Ya nuna yadda wasu da ba su yi aure ba suke taya ma'aurata ciyar da 'ya'ya. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya a 1964. Wato kwazazzaban da muke wucewa ba mu waiwaya ba sun taɓa zama abin da duniya ke karantawa. Wanda ya iya rarrabe hasbiya da kurciya iri-iri, ya san shirwa daga shaho a sama, ya san ragon maza da kukansa, ya lura da ranar da shamuwa ta fara sauka gabanin damina, shi ne zai amfana da kurmi. Ya kuma lura da waɗanda suka ɓace. Muna yara ungulu cike take da mayanka da bayan kasuwa, yau sai ka yi watanni ba ka ga ɗaya ba, kuma tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Wannan yana cikin abin da ya sa nake son matasa su riƙa rubuta abin da suka gani. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da ake gudanarwa daga Amurum ɗin, inda kowa ke iya aika abin da ya gani ta manhajar BirdLasser a wayarsa, kuma akwai matasan Arewa da suka yi nisa a ciki.

Kayan tafiya ba su da yawa. Madubi mai lamba 8x42 ya fi dacewa da kurmi, don yana tara haske kuma ba ya rawa a hannu kamar masu ƙarfin jawowa. Littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma, ko na aro ne. Ɗan littafin rubutu da fensir, takalmi rufaffe, hula, gorar ruwa. Waya a kashe mata ƙara. Kuma ina roƙo, kada a riƙa kunna wa tsuntsu kukansa daga waya don ya fito. Yana barin sheƙarsa ne ya zo faɗa da abokin gaba da babu shi, kuma a gandun da ake bincike wannan na iya ɓata wa wasu aikin shekaru.

Da na kai nan sai ya yi shiru, ya ƙirga kuɗinsa a zuci, ya ce, "Kawu, hutun nan a Oktoba ya faɗo. Ke nan Jos." Na ce Jos, in sha Allahu, Yankari kuma mu haɗa mota da 'yan'uwanka a watan Fabrairu. Na sa shi ya rubuta takardar neman izini a daren. Muka kuma yi alkawarin haɗuwa ranar Asabar bayan sallar asuba a bakin Kubanni, ya zo da madubin da fensir, don har yanzu idan ya ɗaga madubin sai ya ɓata reshen da tsuntsun yake.